Ƙullin da Ba Iska Ce Ta Ɗaura Ba

Ammariyya, Jidda

Ummi, uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya sa takardar nan ta same ki da lafiyar da na ga kin fita da ita ɗazu. Ya tsare ki a inda idona yake kaiwa da inda ba ya kaiwa, ya sa ki karanta ta da zuciya a kwance.

Za ki yi mamakin uba ya rubuta wa 'yarsa wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nata. Dalilin shi ne, idan muna magana baki da baki, da zarar zance ya yi nauyi sai ki juya zuwa Larabci, ki ƙara sauri, ni kuma in ce to. Hausa a rubuce kuwa tana sa ki tafiya a hankali, kina bin layi da yatsa. Yau a hankalin nake so ki tafi.

Shekaranjiya na hau sama zan duba tankin ruwa, sai na ga kayanki a kan igiyar shanya. Kayan da kika goge kika jera a akwati tun makon jiya ne. Da na sauko na leƙa ɗakinki, akwatin ya koma saman kabad, fayau. Da na tambaye ki sai kika ce, "Ma'alesh ya Baba, sana jaya in sha Allah. Badi ma shekara ce." Kika wuce kicin. Ni da ke mun san ba haka ba ne. Jami'ar Zariya ta ɗaga miki ƙafa bara saboda rasuwar mamanki, kuma sun faɗa a fili ba za su sake ɗagawa ba. In jirgin nan ya tashi babu ke, gurbin ya tafi, kuma a ƙasar nan babu ƙofar da za ta buɗe wa mai iƙama, wato takardar izinin zama, irin tamu ta karanta haɗa magunguna. Na san kuma dalilinki. Ba tsoron Najeriya ba ne. Kin ƙirga mutanen gidan nan ne, kin ga in kin fita saura mutum ɗaya.

Ban iya wa'azi ba. Aikina tun ina saurayi a gidan jarida a Kaduna har zuwa maɗaba'ar nan ta unguwar Waziriyya shi ne in zauna da jan biro in nemo kuskure a rubutun wasu. Abu ɗaya ne na daɗe ina yi wanda kuskuren nawa ne, da hannuna, kuma ba ya ɓoyuwa: jifan igiyar kamun kifi. Don haka da shi zan yi miki magana. Kin san yawancinsa, amma kin san shi ne daga gefe. Bari ki ji shi daga bakin mai riƙe da sandar.

Kafin a haife ki, wani Bature injiniya yakan kawo mana aikin buga littattafan injin tace ruwan teku. Ni nake duba masa Turancin. Wata Jumma'a ya ɗauke ni a motarsa muka wuce Abhur, muka yi arewa har inda hanya ta ƙare, wurin da ruwa bai wuce gwiwa ba, kana hango yashi da duwatsun murjani a ƙasa. A nan na fara ganin irin wannan kamun. Masu fatsa na bakin tekun Kurnish dalma suke ɗaurawa a ƙarshen zare, su wulwula su sake, nauyin dalmar ya ja zaren. Wannan kuwa babu dalma. A ƙarshe ƙugiya ce kawai da aka yi wa ado da gashin kaza don ta yi kama da ɗan kifi ko ƙaguwa, ba ta da nauyin da za a jefa. Igiyar ce mai nauyi, ita ake jefawa. Ka kai ta baya a iska, ka jira ta miƙe, ka kawo ta gaba. Tana tafiya a lanƙwashe kamar harafin nun da aka kwantar a gefensa, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tana warwarewa har ta ajiye ƙugiyar a kan ruwa ba tare da kifi ya firgita ba. Da kwangilarsa ta ƙare zai koma ƙasarsu, ya bar mini sandar da faifan igiyar da littattafai biyu.

Muddin ƙafar sama tana sama, lafiya. Matsalar ita ce idan ƙafar sama ta faɗo ta ratsa ta ƙasa. Wannan shi ne abin da mamanki ta raɗa wa suna harɗewa. Idan ta harɗe, ko ƙugiya ta kama igiya komai ya zube a gabanka, ko kuma, abin da ya fi muni, jifan ya tafi kamar ba abin da ya faru, amma ya bar ɗan ƙulli a siririn zaren da ke gaba, wanda muke kira wutsiya. Turawa suna kiransa ƙullin iska.

Kuskurena na farko shi ne na yarda da sunan. Shekaru ina dawowa gida da wutsiya cike da ƙulli ina cewa iskar Bahar Maliya ce. Kuma akwai iskar, kin san ta, wadda ke tasowa daga arewa bayan azahar ta cika wa mutum kunne. Mamanki takan karɓi kwandon ta leƙa ta ce, "Malam, mutane suna zuwa teku su dawo da kifi. Kai ka tafi da gashin kaza ka dawo da ƙulli."

In ce, "Iska ce."

Ta ce, "Allah sarki iska. Ba ta da bakin kare kanta."

Sai wata rana da hantsi a tsakiyar bazara, ruwa ya kwanta kamar faranti, ko gashin ƙugiyar ba ya motsi. Na yi jifa na ɗan lokaci, na jawo wutsiyar na bi ta da yatsa. Ƙulli a jere. Na duba hagu na duba dama, babu wanda zan ɗora wa. Ranar na koma littattafan Baturen na karanta su kamar yadda nake karanta aikin wani. Bayanin yana nan tun farko. Igiya ba ta da ra'ayi, duk hanyar da kan sanda ya bi ita take bi. In kan sanda ya tafi a miƙe, igiya ta tafi a miƙe. In ya nutsa ƙasa a tsakiyar tafiya sannan ya taso, wannan nutson zai bi igiyar har ƙarshenta, shi ne yake faɗo da ƙafar sama. Kan sanda kuwa hannu yake bi.

A Zariya za ki tarar da iska ta gaske. A nan an kira ki Takruniya, wato baƙuwa 'yar Afirka, tun kina firamare. Can za a kira ki Balarabiya, a yi dariyar yadda kike furta wasu kalmomi, a tambaye ki me ya dawo da ke. Wuta za ta ɗauke kina tsakiyar karatu. Ba zan ce miki duk abin da ya same ki laifinki ne ba, wannan ma ƙarya ce, kuma mai zalunci ce. Wani lokaci iska takan kwashe jifa mai kyau ta watsar. Abin da nake so shi ne ki iya rarrabewa. Iska tana kauce da igiya gaba ɗayanta, hagu ko dama. Ƙulli kuwa kusan kullum daga hannu yake. In kin ga abu ɗaya yana maimaita kansa tare da mutane dabam dabam, a ranar iska da ranar da babu, to ki duba hannunki. Ba don ki zargi kanki ba. Don shi kaɗai ne abin da kike iya gyarawa.

Da na gane daga hannuna ne, sai na nemi wane ɓangare na hannun. Na farkon da na samu shi ne ƙarfi a farkon tafiya. Na taso ina ganin yadda ake kaɗa bulala, kuma na ga masu dalma, don haka nakan zuba duk ƙarfina a lokacin da hannu ya fara motsi. Sanda kuwa aba ce mai lanƙwasa. In ka fizge ta farat ɗaya, sai ta durƙusa fiye da kima, kanta ya nutsa, sannan ta miƙe tun tafiya ba ta ƙare ba. Yadda ya kamata shi ne ka fara a hankali kamar mai jan akwati mai nauyi a kan tebur, kana ƙara sauri kaɗan kaɗan, ƙarfin ya zo a ƙarshe, sannan ka tsaya cak.

Na yi wannan fizgar a kan tudu ma. Zuwana gida na farko bayan na daɗe a nan, na sauka da akwatuna da shawarwari. Ban kwana biyu ba na fara zagaya gidanmu ina nuna abin da za a rushe. Ɗakin Inna, wadda kika ci sunanta, na ce a mayar da shi na siminti. Rijiya na ce a rufe ta a ja famfo. Kowace magana tawa tana farawa da, "A Jidda ba haka ake yi ba." Babban wana ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "To Alhaji, mu da muka zauna da ita a ɗakin ƙasar, sai mu ba ka wuri." Shawarwarina ba su da aibu, daga baya ma duk an yi su. Amma ba ta hannuna ba, kuma tsakanina da shi ba ta sake komawa daidai ba har ya rasu. Gwaggonki Laure, wadda za ki sauka a gidanta, tana wurin ranar, ita ce ta kawo mana ruwa.

Ke ma za ki ga abubuwa da yawa da a Jidda ba haka ake yi ba. Ki riƙe jumlar nan a bakinki, kada ki sake ta a watannin farko. Ki ci abin da aka dafa. Ki koyi gaisuwar safe yadda suke yin ta, da durƙusawarta da tsawonta, ko da kin makara. Ki bari su san ki kina wanke kwano kafin su san ki kina ba da shawara. Ƙarfinki yana nan, ba zai ruɓe ba. Ki ajiye shi zuwa ƙarshen tafiya.

Akwai wani ƙaramin abu da zan saka a nan kafin in manta. Wata rana na ji ƙulli a wutsiya, ɗaya tak, ɗan mitsitsi. A daidai lokacin sai ga kifin bayad babba ya shigo ruwan gwiwa yana korar ƙananan kifi. Yanke zare a sake ɗaurawa aikin ɗan lokaci ne, amma na ce bari in jefa tukuna. Ya kama. Ya ja igiya har faifan yana kuka, irin kamun da mutum yake jira shekaru. Sai na ji sandar ta yi sakayau. Da na jawo, a kan ƙullin zaren ya tsinke. Ƙulli ba ya nuna kansa sai ranar da babban abu ya ja. In kin sami saɓani da abokiyar ɗaki ko da Gwaggo, ko da a kan bokitin ruwa ne, ki zauna ki warware shi a ranar, tun yana sako-sako.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki biro.

Bayan na gyara fizgar, harɗewa ta ragu amma ba ta tafi ba. Na karanta, na sake karantawa, ban ga inda nake kuskure ba. Lokacin nan mukan tafi tare da mamanki, ta shimfiɗa tabarma a inuwar mota da fulas ɗin shayi, ke kina tona rami a yashi. Ba ta taɓa riƙe sandar ba, ba ta kuma buɗe littattafan ba. Amma tana zaune a gefe, ni kuwa ina tsakiyar abin. Ranar nan ta ɗaga murya ta ce, "Malam, kai fa ba ka jira."

Na ce, "Ina jira mana. Ina tsayawa."

Ta ce, "Kana tsayawa da baki. Hannunka yana satar hanya. Igiya tana can baya ba ta gama miƙewa ba, shi ya riga ya fara silalowa gaba kamar mai gudun kada a rufe masallaci."

Gaskiyarta. In ka kai igiya baya, dole ka tsaya ka ba ta lokaci ta warware. Ni kuwa a cikin wannan ɗan jiran, hannuna yakan matso gaba ba da sanina ba. Kafin in fara jifan gaske na riga na cinye rabin hanyar da hannu zai bi. Sauran hanyar ta yi gajarta, sai in cusa duk ƙarfin a cikinta, kan sanda ya nutsa, ta harɗe. Kuskuren yana faruwa a bayana, a inda ba na gani, sakamakon kuma yana fitowa a gabana.

Da mamanki ta rasu na sake yin wannan. Masu gaisuwa ba su gama zuwa ba na koma maɗaba'a, ko kafili, mai gidan aikina, sai da ya ce in ƙara hutawa na ƙi. Na tattara kayanta na bayar, har keken ɗinkinta, ban tambaye ki ko kina son wani abu a ciki ba. In kin ambace ta a kan abinci sai in ce Allah ya ji ƙanta, in tambaye ki ko an biya kuɗin wuta. Na ɗauka hakan shi ne dauriya. Ashe satar hanya ce. Abin da ke bayana bai miƙe ba na yi gaba. Ke kuma kina gefe kina gani, kamar yadda kika saba, sai kika ajiye karatunki kika tsaya ki tsare ni. Na bar ki kika yi, domin ya yi mini daɗi in dawo in tarar da fitila a kunne. A cikin watannin nan na koma na yi jiran da ban yi ba. Na zauna da hotunanta. Na je na ga keken a gidan da na kai shi, matar tana ɗinka wa yara kayan makaranta da shi, na sha shayi na dawo. Ba na cewa ya wuce. Ina cewa ya miƙe.

Amma ki saurara da kyau, domin jiran nan yana da gefe biyu, kuma littattafan sun faɗi duka biyun. Wanda bai jira ba igiyarsa ta harɗe. Wanda ya jira ya wuce kima, igiyarsa takan gama miƙewa, ta rasa abin da zai riƙe ta a iska, ta faɗi a bayansa. A wurinmu kin san abin da ke baya: murjani mai kaifi. Sau nawa kika ga na juya ina ciro ƙugiya daga dutse? Ni na yi gajen jira. Ke kina shirin yin dogo. Shekarar da kika ba ni ita ce jiran, kuma ta isa. Abin da kike kira badi ba jira ba ne, faɗuwa ce.

Na san abin da za ki ce, da Larabci, da sauri. Za ki ce wa zai kula da maganina, wa zai dafa, wa zai tsaya mini a gefe. Magani ina da agogo. Girki na yi shi shekaru kafin in auri mamanki, ban mutu ba, ko da yake ba wanda ya taɓa neman ƙari. Na ukun ne tambayar gaske, don haka na ɗauke ta da gaske.

Tun da mamanki ta daina iya zuwa teku ke kika gaje ta. A saman gidan nan, da rabin sanda da zaren ulu ja don kada mu kamo eriyar maƙwabta, ke ce mai cewa, "Harɗat ya Baba," kin haɗa Hausa da Larabci a kalma ɗaya. Mai jifa ba ya ganin jifansa. Ina iya waiwayawa, ina iya bin wutsiya da yatsa bayan an gama, amma siffar igiyar a iska sai wanda ke gefe. Wannan ba rauni ba ne da ake warkewa, haka abin yake ga kowa, har Baturen da ya koya mini.

Don haka Jumma'ar da ta wuce, da kika tafi gidan ƙawarki, na sauka na ƙwanƙwasa wa maƙwabcinmu Ammu Siddik. Kin san shi da zama a ƙofar gida tun da ya bar shagon ɗinkinsa na Bab Makka, 'ya'yansa duk sun watse, daga mai Riyad sai mai Wad Madani. Na ce ya zo ya raka ni teku. Ya dube ni ya ce da irin kiransu na mutanen Sudan, "Ya zol, ni da ruwa sai a buta."

Na ce ba shiga zai yi ba, kujera zai zauna.

Ya ce, "Akwai shayi?"

Na kai shi. Na dasa masa kujerar roba a inda mamanki take shimfiɗa tabarma, na zana masa nun a yashi, na nuna masa ƙafar sama da ta ƙasa, na ce in ya ga ta sama ta ratsa ta ƙasa ya yi magana. Jifana na farko, mai kyau ne ƙwarai, ya ƙwala ihu, "Ta harɗe!" Na biyu ma haka. Na juyo na ce, "Ammu, wannan ai lafiyarta ƙalau."

Ya ce, "To ni na ga duk a harɗe take. Mutum da girmansa yana dukan iska da sanda. Ka ba ni kuɗin gashin kazar in sayo maka kifi a kasuwar Bangala, halas, mu koma gida."

Daga nan ya manta da ni, ya shiga ba ni labarin yadda kakansa ya taso daga Sakkwato a ƙafa zai zo hajji ya tsaya a Sudan noman auduga, labarin da na ji har na haddace. Ina jifa yana zuba. Can rana ta yi sanyi, na gaji, hannuna ya fara halinsa. Sai na ji labarin ya tsaya a tsakiyar jumla. Ya ce, a hankali, "Lawal. Wannan kam ta taka 'yar'uwarta." Na jawo wutsiyar. Ga ƙullin.

Mutumin da ya yi shekaru yana bin zare da ido ba zai daɗe bai gane ba. A hanyar dawowa ya ce Jumma'a mai zuwa in zo da sukari da yawa, nawa shayin na marasa lafiya ne. Ba mamanki ba ne, ba ke ba ce. Yana yawan magana, kuma ba ya ganin nesa sosai. Amma kujerar ba ta zama fayau ba, kuma na lura shi ma ya daɗe ba wanda ya ce masa zo mu je.

Ke ma ki nemi naki a can. Ba mai yabonki ba, waɗannan suna da yawa kuma ba su da amfani. Mutum ɗaya, mace mai hankali a ajinku ko Gwaggo kanta, wadda za ki ba izini tun kafin a sami matsala, ki ce mata in ta ga kin harɗe ta faɗa. In ta faɗa kuma za ki ji haushi. Ni ma na ji, duk lokacin. Ki yi shiru ki jawo zaren ki duba kafin ki amsa.

Saura abu ɗaya, gajere. Gwargwadon tsawon igiyar da ke waje, gwargwadon faɗin da hannu zai buɗe da tsawon jiran da za a yi. Wanda ya saki doguwar igiya ya ci gaba da motsin gajera, harɗewa zai yi. Tsakanin Jidda da Zariya doguwar igiya ce. Kada ki sa ran za mu riƙa jin juna kamar muna gida ɗaya. Waya za ta ƙi shiga, kati zai ƙare, saƙo zai kwana a hanya. In kin kira ban ɗauka ba, kada ki zana mini mutuwa a ranki, wataƙila ina cikin ruwa ne Ammu yana mini tsawa. In mako ya wuce ban ji ki ba, ni ma na yi alkawari zan ce karatu ne. Ki rubuto in kin sami sarari, da Hausa, ko da kuskure. Na yi miki alkawarin ba zan taɓa ta da jan biro ba.

Ba zan ce miki gidan nan ba zai yi shiru ba. Zai yi. Na riga na san lokacin da zai fi yi, bayan la'asar, sa'ad da kike dawowa kina jefar da takalmi ɗaya a ƙofa ɗaya a tsakar ɗaki. Zan ji shi, kuma zan iya ɗaukarsa. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne in wayi gari nan da wasu shekaru in gan ki a kicin ɗin nan kina dafa mini shayi, in san ni ne dutsen da igiyarki ta faɗo ta maƙale a kai.

Na kwashe kayanki daga igiyar shanya. Ban goge ba, kin san ni da dutsen guga. Na sauko da akwatin, yana kan gadonki a buɗe, takardar nan a cikinsa. Fasfo da tikiti suna aljihun gaba inda kika bar su. Sandar tana nan wurina, ba zan ba ki ita ba, ina da aiki da ita ranar Jumma'a.

Ranar tafiya, in kin wuce wurin duba fasfo, ki waiwayo sau ɗaya. Mai jifa yana da izinin duba bayansa sau ɗaya, ya tabbatar ta miƙe. Ba za ki same ni a tsakiyar masu ɗaga hannu ba. Ki duba gefe, wajen gilashi. Tun kina ƙarama kike tsaya mini a can. Wannan karon ni zan tsaya, in ga tafiyarki tun daga farkonta har inda ido ya ƙare.

Allah ya kai ki lafiya, ya saukar da ke a hannun masu tausayi. Ya tsare ki a sama da ƙasa, a hanya da masauki, ya buɗe miki abin da kika je nema, ya haɗa ki da mai faɗa miki gaskiya. Allah ya ji ƙan mamanki, ya kai mata labarinki mai daɗi. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Ki gaishe da Gwaggo Laure, ki ce mata na ce ɗakin ƙasa ma ɗaki ne.

Yalla, uwata. Ki shirya kayanki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Lawal